Kundin Aikin Gyaran Yadda Bencin Karatu Yake Amsa Dannawa a Second Life

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Yau na ɗauko aikin da na daɗe ina ɗagawa, wato gyaran bencin karatu da na gina a ɗan filin da nake haya a cikin Second Life, duniyar kwamfuta da kamfanin Linden Lab ya buɗe wa jama'a a shekarar 2003. Bencin guntaye 9 ne aka haɗa wuri guda, irin waɗanda magina a can suke kira firim. Akwai gindin benci, wanda shi ne uwa, wato babban guntun da sauran suke haɗe da shi a matsayin 'ya'ya, sai mazaunai biyu, da sandar fitila da kanta, da allon sanarwa a gefe, da rufi mai ɓari biyu, da kuma wani ƙwallo da ido ba ya gani wanda daga cikinsa haske yake fitowa. Rubutun umarni guda ɗaya ne yake tafiyar da shi, a harshen LSL, wato harshen rubuta umarni na Second Life, kuma yana zaune ne a cikin uwar. Na rubuta shi tun ina sabon shiga, saboda haka abu ɗaya kawai ya iya: duk wanda ya danna ko'ina a jikin bencin, aukuwar touch_start, wato sanarwar da rubutu yake samu idan an danna abu, za ta tashi, a turo masa akwatin zaɓi mai maɓallai 12.

Abin da ya tabbatar mini lallai sai an sake shi, na gan shi ne da idona a makon jiya. Wata baƙuwa ta iso wurin, na ga hannun surarta, wato siffar da ke wakiltarta a can, ya miƙe zuwa ga mazauni har sau uku, alamar tana dannawa domin ta zauna, kuma na san cewa a kowane karo akwatin nan ne yake faɗo mata a kusurwar fuskar kwamfutarta. A karo na uku ta juya ta tafi ba ta ce uffan ba. Ba ta yi kuskure ba, domin wanda ya ga wurin zama ya danna shi, zama yake nufi.

Ga abin da nake so in cim ma. Wanda ya danna mazauni ya zauna nan take, wanda ya danna fitila ta kunnu ko ta mutu, wanda ya danna allo ya sami takardar bayanin da ta dace da ɓangaren da ya taɓa, sannan akwatin saituna ya koma na masu kula da wurin kaɗai, ta hanyar danna fitila a riƙe na ɗan lokaci. Na ajiye kwafin tsohon bencin a ma'ajiyata kafin in taɓa komai.

Talata, 6 ga Mayu, 2025

Na shafe yinin yau ina warware wata fahimta da na daɗe da ita a karkace. A da ina ɗauka cewa kowace dannawa tana zuwa wurin rubutun umarni, shi kuma ya yanke hukuncin abin da za a yi da ita. Ashe tun kafin saƙo ya bar kwamfutar mai dannawa, manhajar kallo, wadda da ita ake shiga Second Life, ta riga ta duba wata sifa da ke manne a jikin firim ɗin, wadda ita ce take faɗa mata ma'anar dannawar hagu. Idan sifar tana cewa zama, manhajar za ta nemi a zaunar da mutum ne kai tsaye, rubutun ba zai ma san an taɓa shi ba. Ana saita wannan sifa da llSetClickAction, kuma kowane aiki da lambarsa: taɓawa 0 ce, zama 1, saye 2, biya 3, buɗe kayan ciki 4, har zuwa 8 da 9 waɗanda suke hana amsawa ta hanyoyi biyu mabambanta. Da zarar an saita ta, tana nan daram ko da an cire rubutun da ya saita ta, domin ta zama ɗabi'ar firim ɗin kamar launinsa ko girmansa.

Wannan sifa ce kuma take sauya kamannin manunin linzami. Idan mutum ya kai shi kan abin da aka saita don zama, zai ga 'yar kujera, idan kuma abin taɓawa ne zai ga hannu. A ganina wannan alama alkawari ce da abin yake yi wa mutum tun kafin ya danna, kuma babban aibin tsohon bencina shi ne yana nuna hannu a ko'ina ba tare da ya bambanta komai ba.

Gwajin farko bai yi kyau ba. Na saita uwar a kan zama, da tunanin cewa zan saita fitila da allo a kan taɓawa domin su fita daga hukuncinta, sai na tarar duk inda na kai manuni kujera nake gani, har a kan fitilar. Dalilin yana cikin lambobin nan. CLICK_ACTION_TOUCH da CLICK_ACTION_NONE duk 0 ne, don haka ɗan da aka saita a kan taɓawa daidai yake da wanda ba a saita masa komai ba, kuma irin wannan ɗa yana gadon abin da uwarsa take ɗauke da shi. Mafita ita ce a juya tsarin, a bar uwa a kan taɓawa, a ba mazaunan biyu umarnin zama kowanne da kansa. Na yi hakan daga cikin rubutun uwar ta hanyar llSetLinkPrimitiveParamsFast tare da PRIM_CLICK_ACTION, wanda ya hutar da ni daga jefa ƙaramin rubutu a cikin kowane guntu. Na kuma kafa wa kowane mazauni gurbin zama da llLinkSitTarget, domin idan babu gurbi sabar yankin, wato kwamfutar da ke gudanar da yankin, ce take zaɓar inda za ta ɗora mutum, kuma ba kullum zaɓinta yake dacewa da siffar abin ba.

Alhamis, 8 ga Mayu, 2025

Yanzu mazaunai sun daidaita, saura rarraba sauran dannawa. Tunda rubutun uwa ne yake karɓar taɓawar da ta zo daga 'ya'yan, dole ya san wanne aka taɓa, kuma llDetectedLinkNumber ce take bayar da wannan amsa. Ban yarda in rubuta lambobin a cikin rubutun kai tsaye ba, saboda lambar haɗi ba abin dogaro ba ce: uwa ita ce 1, amma sauran suna iya sauya matsayi duk lokacin da aka raba abin aka sake haɗa shi. Sai na ba kowane guntu suna bayyananne, rubutun kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya da llGetLinkName idan ya tashi, ya adana lambar kowanne.

A nan akwai wani tarko da ya kamata in rubuta don gaba. Idan mutum ya zauna a kan abu, surarsa tana shiga jerin haɗin ne a ƙarshe kamar wani ƙarin guntu, shi ya sa llGetNumberOfPrims take ƙidaya har da mazauna, kuma aukuwar changed take kawo CHANGED_LINK a duk zama da tashi. Na koma amfani da llGetObjectPrimCount, wadda ba ta ƙidaya mutane, kuma ba a sake bin sunaye sai idan yawan guntayen ne ya sauya da gaske.

Da na gwada, allo ya amsa, sandar fitila ta amsa, amma kan fitilar shiru. Na ɗauki kusan awa guda ina zargin lissafina kafin in buɗe cikin guntun in tarar da wani tsohon rubutu da na manta da shi, wanda yake da tasa aukuwar taɓawa amma ba ya yin komai da ita. Ƙa'idar asali ita ce ɗa yana miƙa taɓawa ga uwa ne kawai idan babu rubutun da ya karɓe ta a cikinsa. Ana iya tilasta masa ya miƙa a kowane hali da llPassTouches, to amma na ga cewa goge rubutun da ba shi da aiki ya fi tsafta a kan a yi masa kwaskwarima, don haka na goge shi.

Lahadi, 11 ga Mayu, 2025

Allon sanarwa guntu ɗaya ne, kuma hoto ɗaya ne aka shimfiɗa a fuskarsa ta gaba, mai gida huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Da zan bi hanya mai sauƙi da na ɗora ƙananan firim huɗu a kansa, amma kowane fili yana da iyakar nauyin abin da zai ɗauka, kuma ba na son in ɓarnatar da shi a kan abin da lissafi zai iya yi. llDetectedTouchFace tana faɗin fuskar da aka taɓa, llDetectedTouchST kuma tana faɗin gurbin da ke kan fuskar da lambobi biyu tsakanin 0 da 1, ana farawa daga kusurwar hagu ta ƙasa. Akwai 'yar'uwarta llDetectedTouchUV, wadda take bin yadda aka maimaita hoton ko aka gusar da shi, amma tunda hotona sau ɗaya ya rufe fuskar baki ɗaya, na zaɓi llDetectedTouchST domin ba za ta sauya ba ko da na gyara shimfiɗar hoton nan gaba.

Lissafin kansa gajere ne. Ana ninka kowace lamba da 2 a yar da ɓurɓushin, sai a sami 0 ko 1 a kwance da kuma a tsaye, daga nan a fitar da lambar gida. Na sa shinge domin wanda ya danna a daidai bakin gefe, inda lambar za ta iya kai 1 cif ta haifar da gida na biyar da babu shi. Haka kuma idan fuskar da aka taɓa ba ta gaba ba ce, ko amsar ta dawo -1, wadda ke nufin ba a gane fuskar ba, rubutun yana aika wa mutum gajeren saƙo cewa ya danna ɗaya daga cikin gidajen da ke gaban allon.

Matsalar da ban zata ba ita ce jinkiri. llGiveInventory tana kwantar da rubutun na daƙiƙa 2 duk lokacin da ta miƙa wa mutum kaya, kuma a cikin wannan lokaci babu abin da rubutun zai iya amsawa. Aukuwar da ta zo tana jira ne a layi, layin kuma ba ya ɗaukar fiye da 64. Ba cikar layin ce take damuna ba, domin da wuya a kai haka a ɗan wuri irin nawa. Abin da ya dame ni shi ne mutum ya danna fitila ta ƙi motsi saboda wani can yana karɓar takarda, ya sake dannawa, daga baya dannawar biyu su iso a jere, fitilar ta kunnu ta kuma mutu a gabansa. Saboda haka na raba aikin. Na yi ƙaramin rubutu na biyu wanda ba ya yin komai sai miƙa takardu, babban rubutun kuma yana jefa masa saƙo da llMessageLinked ya ci gaba da harkarsa.

Laraba, 14 ga Mayu, 2025

Ban sami zama sosai ba yau. Na sauya sunayen takardun bayani huɗu domin su yi daidai da lambobin gidaje, na kuma tabbatar cewa kowace tana da izinin kwafi, don kada wanda ya fara karɓa ya tafi da ita ita kaɗai.

Alhamis, 15 ga Mayu, 2025

Yau na shiga ɓangaren da ya fi kowanne buƙatar natsuwa, wato bambanta gajeriyar dannawa da doguwa. Harshen yana da aukuwa uku a kan taɓawa: touch_start tana tashi sau ɗaya idan an danna, touch tana ta maimaituwa muddin ana riƙe da maɓallin linzami, touch_end kuma tana zuwa idan an saki. A lokacin da aka danna babu yadda za a san ko mutum zai saki nan take ko zai riƙe, don haka dole hukunci ya jira har a saki. Wannan ya sa na kwashe dukkan ayyuka daga touch_start na mayar da su touch_end.

Da na yi hakan sai allo ya fara kuskure jefi-jefi. Bincike ya nuna cewa idan hannun mutum ya ɗan goce kafin ya saki, manunin yana iya barin jikin guntun, a lokacin kuma fuska da gurbi duk suna dawowa da alamar ba a gane ba. Darasin da na ɗauka shi ne a rubuta inda aka taɓa a farkon dannawa, a yi aiki da shi a ƙarshenta, domin niyyar mutum tana wurin da ya fara ɗora manuni.

Yadda aka saba auna tsawon riƙo shi ne a kira llResetTime a farko a karanta llGetTime a ƙarshe, kuma haka na fara yi. Amma agogon nan guda ɗaya ne ga rubutun gaba ɗaya. Idan wani yana riƙe da fitila, wani kuma ya danna allo a tsakiyar hakan, agogon zai koma sifiri, riƙon na farko ya zama kamar gajere. Don haka na bar agogon yana tafiya ba tare da an taɓa shi ba, na buɗe jeri da ke adana abubuwa game da kowane mai dannawa: mabuɗin shaidarsa, lokacin da ya fara, guntun da ya taɓa, da gurbin. Idan ya saki sai a nemo shi a jerin, a yi lissafi, a cire shi. Na kuma daina ɗauka cewa mutum ɗaya ne a kowace aukuwa, domin tana zuwa ne da adadin waɗanda aka gano, kuma adalci shi ne a bi su duka. Saboda yiwuwar intanet ɗin wani ya yanke yana riƙe, sakinsa bai iso ba, duk bayanin da ya wuce daƙiƙa 30 a jerin ana share shi.

A kan tsawon riƙo, na gwada rabin daƙiƙa na ga ya yi kaɗan, domin mai danna a hankali yana faɗawa ciki ba da niyya ba. Daƙiƙa 2 kuma sun yi yawa, mutum yakan ɗauka abin ya lalace. Na tsaya a daƙiƙa 1. Abin da ya fi faranta mini rai a aikin yau shi ne amfanin da na samar wa aukuwar touch: da zarar riƙon mai izini ya kai iyaka, kan fitilar yana ɗan yin ƙyalli, wanda yake gaya masa cewa an ji shi, yana iya saki. Kafin in sa wannan, ni kaina nakan riƙe ina ƙidaya a zuci ba tare da tabbas ba.

Litinin, 19 ga Mayu, 2025

Tsohon rubutun yana da yanayi biyu, ɗaya na fitila a kunne, ɗaya na fitila a kashe, kuma yana tsallakawa daga wannan zuwa wancan a duk lokacin da aka kunna ta ko aka kashe ta. Na bar wannan tsari da farko domin yana da sauƙin karantawa, amma ya zame mini tushen matsaloli. Sauya yanayi yana zubar da duk aukuwar da ke jira a layi, yana kuma rufe duk wani sauraro da aka buɗe. Ma'ana, idan mai kula da wuri yana da akwatin saituna a buɗe, wani baƙo ya kunna fitila, to maɓallan akwatin sun mutu ke nan, zai danna babu amsa. Masu rubutun LSL sun daɗe suna gargaɗi kuma cewa sauya yanayi a cikin touch_start yana iya sa a rasa dannawa ta gaba.

Na rushe yanayin biyu na mayar da su ɗaya, na riƙe halin fitilar a cikin lamba guda, 1 ko 0. Domin kada a manta da halin idan an sake tayar da rubutun, ina ajiye shi da llLinksetDataWrite, ma'ajiyar da aka ƙara wa harshen a shekarar 2022, wadda take zaune a jikin abin da kansa. Rubutun ya ɗan ƙara tsawo, amma har yanzu yana nesa da iyakar kilobait 64 da injin Mono, mai gudanar da rubutun umarni, yake ba kowane rubutu.

Asabar, 24 ga Mayu, 2025

Akwatin saituna ya kammala. llDialog tana karɓar maɓallai har 12, amma na rage nawa zuwa 6, domin yawancin tsofaffin sun zama aikin dannawa kai tsaye. Sunan kowane maɓalli ba zai wuce bait 24 ba, kuma bait ake ƙidayawa ba haruffa ba, saboda haka haruffa masu lanƙwasa irin ɓ da ɗ da ƙ kowanne yana cin biyu. Jerin maɓallan kuma yana farawa ne daga hagu a layin ƙasa, uku-uku, yana hawa sama, don haka sai da na juya tsarin jerina kafin abin da nake so a sama ya fito a sama.

Amsar maɓalli tana dawowa ne a matsayin magana a kan wata tasha, don haka dole a buɗe sauraro da llListen. Na zaɓi tasha mai lambar ƙasa da sifiri, na kuma taƙaita sauraron ga mabuɗin mutumin da aka buɗe wa akwatin kaɗai. Wanda ya rufe akwatin ba tare da ya zaɓi komai ba, rubutun ba ya samun labari ko kaɗan, kuma rubutu ɗaya ba zai iya riƙe sauraro fiye da 65 a buɗe ba. Tsohon rubutuna yana buɗe sabo a duk dannawa ba ya rufewa, kuma abin da ya cece shi kawai shi ne yawan sauya yanayin nan da yake share su ba da saninsa ba. Yanzu da na cire yanayin, da ban lura ba da gyara ɗaya ya tono wata ɓarakar. Na sa agogo na daƙiƙa 60, idan ya cika a rufe sauraron da llListenRemove a kuma sanar da mutumin cewa akwatin ya daina aiki.

Game da izini, mai abu ne ko wanda yake sanye da ƙungiyar da aka sa wa bencin, wanda llDetectedGroup take tantancewa. Na yi tunani sosai a kan abin da ya kamata ya faru idan baƙo ya riƙe fitila. Da farko na sa a yi shiru, daga baya na ga cewa wannan rashin kyautawa ne, domin mai yiwuwa hannunsa ne yake da nauyi, ko linzaminsa ne yake da tauri. Yanzu doguwar dannawar wanda ba shi da izini ana ɗaukarta kamar gajeriya, fitila ta amsa masa kamar kowa.

Talata, 27 ga Mayu, 2025

Na gayyaci mutum uku daga cikin masu zuwa wurin su gwada, ban kuma yi musu bayanin komai ba, domin bencin da sai an yi bayaninsa bai gyaru ba tukuna. Gwajin ya fito da abubuwa uku da ni kaɗai ba zan taɓa ganowa ba.

Na farko, wani dattijo a cikinsu ya rubuto mini cewa, "Malam, gidan sama na dama a allon nan ba ya ba da komai." Ni kuwa a wurina yana bayarwa. Sai da na tsaya a inda ya tsaya, na danna Ctrl da Alt da T tare domin abubuwan da ba a gani su bayyana da ja, sannan na ga cewa ƙwallon hasken nan ya shiga tsakaninsa da kusurwar allon. Rashin ganuwa ba ya hana guntu karɓar dannawa, haka ma mayar da shi abin da ake ratsawa da jiki. Na saita shi a kan CLICK_ACTION_IGNORE, wadda take barin dannawa ta wuce ta cikinsa zuwa abin da ke baya. Rufin da sandar fitila kuma na ba su CLICK_ACTION_DISABLED, wadda take tsayar da dannawar ba tare da amsa ba, kuma take hana alamar hannu fitowa. Yanzu hannu ba ya bayyana a kansu yana kiran mutum zuwa ga abin da babu.

Na biyu, ɗaya daga cikinsu tana zaune a bencin ta danna mazauninta, sai rubutun ya karɓi taɓawa, abin da na ɗauka ba zai yiwu ba tunda an saita shi a kan zama. Ashe idan mutum yana zaune, manhajar kallo ba ta sake neman zama, sai ta mayar da dannawar taɓawa. Wannan kyauta ce da ban nema ba, kuma na yi amfani da ita: wanda ke zaune idan ya danna mazauninsa yana samun zaɓin salon zama. Sai dai dole a tabbatar da llAvatarOnLinkSitTarget cewa a nan yake zaune, domin wanda ke zaune a wata kujera dabam shi ma taɓawa yake aikowa. Shi irin wannan ana gaya masa ne ya miƙe tukuna.

Na uku shi ne abin da zai faru idan mazaunan biyu sun cika. Idan ɗaya ne a cike, sabar tana kai mai dannawa gurbin da ya rage, wannan ba matsala. Amma idan babu gurbi, alamar kujera tana ci gaba da yi wa mai zuwa alkawarin da ba za a cika ba. Saboda haka a duk lokacin da CHANGED_LINK ta zo, rubutun yana duba gurabun biyu, idan duk a cike suke ya mayar da mazaunan kan taɓawa, wanda ya danna kuma a gaya masa cikin ladabi cewa babu wuri yanzu. Da wani ya tashi sai su koma kan zama. Ban yi amfani da ƙidayar ƙari da ragi ba, kullum ana duba ainihin wanda ke zaune ne, domin ƙidaya tana iya kaucewa idan aukuwa biyu suka haɗu.

Asabar, 31 ga Mayu, 2025

Salon zama ya buƙaci ƙaramin rubutu a cikin kowane mazauni, domin rubutu ɗaya yana riƙe izinin motsa surar mutum ɗaya ne kawai a lokaci guda, ko da yake ana bayar da izinin ba tare da tambaya ba ga wanda ya zauna. Na kiyaye kada in sa aukuwar taɓawa a cikinsu, don kada abin da ya faru da kan fitila ranar 8 ga wata ya maimaitu. Umarni suke karɓa daga uwa ta link_message kawai.

Na maye gurbin tsohon bencin da sabon a filin yau da yamma, na zauna nesa ina kallo. Mutum biyu sun zo a lokuta dabam-dabam, kowannensu ya zauna da dannawa ɗaya, ɗayan har ya kashe fitila ya sake kunna ta.

Abin da ya rage shi ne akwatin gudummawa da masu kula da wurin suka nema a haɗa a gefen allo. CLICK_ACTION_PAY ba ta aiki sai akwai aukuwar money a cikin rubutu, sannan sai na tsara adadin dalar Linden, wato kuɗin cikin Second Life, da zai fito a maɓallan biya da llSetPayPrice. Na fi karkata ga in gina shi a matsayin abu mai zaman kansa a tsaye kusa da bencin, domin kada dannawar da ta shafi kuɗi ta cuɗanya da ta zama ko ta fitila. Ranar Talata zan gina shi dabam in gwada shi da dalar Linden 1, in ga yadda manuni yake sauyawa idan ya tashi daga allo zuwa kansa.